Kalmomi huɗu da na dunƙule a guda

A shekarata ta farko a aikin fassara aka kawo mana sanarwar wani kamfani mai neman ma'aikatan wayar lantarki. Kalmomi huɗu aka jera a ciki: trained, skilled, experienced da qualified. A ganina duk kanwar ja ce, sai na rubuta "ƙwararru" na wuce.

Bayan kwana biyu wani dattijo ya zo ofishinmu. Ya fi shekara 20 yana ja wa gidaje waya, amma an sallame shi tun daga ƙofa domin ba shi da takarda. Ya ce, "Ɗana, ƙwararru kuka ce a rediyo. Me ya rage mini?" Ban da "Baba, ka yi haƙuri," ban sami abin faɗa ba.

Daren nan na zauna da ƙamus. Trained shi ne wanda aka horar, wani ya tsaya a kansa ya nuna masa. Asalin kalmar daga Faransanci ne, tana nufin ja, shi ya sa jirgin ƙasa ma train ne. Experienced gogagge ne, shekaru ake ƙirga masa. Skilled kuwa ita ta fi tsaya mini a rai. Daga tsohon yaren mutanen arewacin Turai ta shigo Ingilishi, inda take nufin rarrabewa. Wato gwani shi ne mai bambance abin da sauran mutane suke gani iri ɗaya, kamar yadda dattijon nan zai shinshina soket ya gane waya ta fara ƙonewa. Mutum na iya shekara goma a aiki bai kai nan ba.

Qualified ba ta magana a kan hannu sam. Shaida ce: difloma, ko takardar gwajin sana'a ta ma'aikatar ƙwadago. Ita kamfanin yake nufi, ita kuma na haɗiye.

Har yau ina ganin rashin adalci ne a kori mai uku saboda ta huɗu, alhali ɗalibin da ya yi wata huɗu a SIWES, wato shirin tura ɗalibai koyon aiki a masana'antu, zai shige da takardarsa. Amma kuɗin motar dattijon da wuninsa, fassarata ce ta cinye su. Da aka maimaita sanarwar, na rubuta: "gwanaye, gogaggu, waɗanda aka horar, kuma dole a zo da takardar shaida."