Godiya ga waɗanda suka tsaya mana a rasuwar mahaifinmu

Assalamu alaikum warahmatullah.

Jiya aka naɗe tabarmin ƙofar gida, baƙin nesa suka kama hanya, sai yau muka samu zaman rubuta wannan. A gajiye muke, muryoyinmu duk sun dushe, don haka wanda ya ga mun tsallake shi ya yi mana uzuri. Kun san yadda jinyar Baba ta kasance, ba sai mun sake tayar da ita ba. Allah da Ya ba mu shi Ya karɓi abinSa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Muna godiya ga samarin unguwa da suka ba da jini, da limaminmu da ya yi masa wanka ya kuma sallace shi, da masu haƙar kabari a Ɗandolo, da iyayenmu mata na maƙwabta da suka riƙe murhu kwana bakwai ba su bari iyayenmu da ke takaba sun ɗaga ko ludayi ba. Allah Ya saka muku da gidan Aljanna.

Amma akwai wata magana da ta iso kunnenmu a zaman makoki, kuma ba za mu bar ta ta wuce ba. An ce ma'aikatan Baba ba su zo jana'izarsa ba. Gaskiya ne, yawancinsu ba su zo ba. Ga inda suke.

Ranar da ya cika ita ce ranar zuba dekin, wato rufin kankare, na benen da yake gina wa wani. Tun yana kwance aka tsayar da ranar, domin kafinta ya gama buga katako, an kafa gora a ƙasa, mai ɗaurin rodi ya gama nasa, kuma katakon da aka bari a rana yana lanƙwashewa ne, ga damina ta matso. Dekin ne ƙafa 40 a 32, kaurinsa inci 6, da bim-bim ɗinsa, wato kaurarar sassan kankare da ke ɗauke da nauyinsa. An sauke siminti buhu 150, injin kwaɓi ɗaya, leburori sun yi layi da kwanon sarki a kan tsani. Da ƙarfe bakwai na safe aka fara. Wajen goma da rabi, an ci buhu 50 ko kusa da haka, waya ta shigo cewa Alhaji ya rasu, jana'iza ƙarfe biyu.

Wanda ba ya harkar gini zai ce ai sai a kashe inji, a je a dawo. Kankare ba ya jiran mutum. A zafin Kano, wanda aka zuba yana fara kamawa cikin awa ɗaya zuwa biyu. In aka tafi aka bar shi awa biyar a inda aka ga dama, sabon da za a kawo ba zai haɗe da tsohon ba, sai a samu gaɓa ta ratsa tsakiyar dekin. Ranar da aka cire katako ba za a ga komai ba, filasta kuma ta rufe. Sai an yi damina biyu ko uku ruwa ya samu hanya ta wannan gaɓar, ya kai ga rodi, rodi ya yi tsatsa ya kumbura, ya fasa kankaren daga ciki. A ƙarƙashin wannan wurin ne 'ya'yan wani za su riƙa kwana.

Babban birkilansa, wanda mu 'ya'yan gidan muke kira Kawu tun muna yara, ya roƙe mu kada mu ambace shi. Kawu, ka yafe mana, mun saɓa maka. Waɗanda suke wurin sun ce da ya ji labarin sai ya zauna a kan bulo, ya rufe fuska da hularsa, injin yana ta juyawa ba wanda ya kashe shi. Leburori sun fara ajiye kwanuka. Sai ya miƙe ya ce, “'Ya'yana, jana'iza in wasu sun yi ta faɗi a kan saura. Wannan aikin kuwa in mun bar shi ba mai yi wa Alhaji. Ku ɗau kwano.” Ya sallami dattawa uku su je su wakilce su, shi ya tsaya. Mutumin da suka fara ɗaukar bulo tare tun suna samari, an kai shi makwanci shi yana saman katako da cebur a hannu.

Kuma ba a yi aikin gaggawa ba, abin da ya fi taɓa mu ke nan. Awon Baba sananne ne: buhun siminti ɗaya, kwanon sarki 4 na yashi, 8 na tsakuwa, ruwa jarka ɗaya mai lita 25 da ɗan ƙari in yashin a bushe yake. Lebura in ya gaji yana son a ƙara ruwa, domin kwaɓi mai ruwa-ruwa ya fi sauƙin ɗauka da bazawa, shi ne kuma yake kashe ƙarfin kankare. A wannan ranar, da ba mai ido a kansu, Kawu ya sa ɗansa ya tsaya a bakin inji yana ƙirga kwanuka. An bi kowane bim da injin girgiza don kada kankare ya fito da ramuka irin na saƙar zuma. An duba ƙananan gutattakin kankaren da ake sawa a ƙarƙashin rodi, waɗanda ma'aikata ke ce wa biskit, domin ƙafar lebura tana ture su rodi ya kwanta a kan katako, in an cire ya fito tsirara. Sai bayan isha'i aka zuba kwanon ƙarshe, da fitilar janareto.

Wajen ƙarfe goma na dare suka shigo layinmu, su fiye da ashirin, ba wanda ya koma gida ya yi wanka. Ƙafafunsu fari fat, wasu siminti ya cinye musu tsakanin yatsu har ya yi ja. Suka durƙusa a bakin tabarma, ba su hau ba don kada su ɓata ta. Kawu ya ce wa yayanmu, “Ɗana, an rufe dekin. Buhu 4 ya rage, suna hannun mai gadi.” Bai iya ƙara komai ba. Washegari da asuba ya je maƙabarta shi kaɗai.

Ya Allah, waɗannan bayin naKa Ka san su ɗaya bayan ɗaya. Ka sanyaya musu kamar yadda suka sanyaya mana. Ka rufa musu asiri duniya da lahira, Ka sa ranar da tasu ta zo a samu masu tsaya wa iyalansu. Ka yi wa 'ya'yansu albarka, Ka raba su da faɗuwa daga sama da karayar tsani, Ka sa guminsu ya zama shaida gare su ranar gobe.

Ba daga sama suka samo wannan halin ba. Duk wanda ya yi aiki da Baba ya san ba ya karɓar kaya a rufe. Yashi in tifa ta kawo daga Wudil ko Challawa, sai ya damƙa ya matse. In ya dunƙule ya bar masa laka a tafin hannu, tifar za ta koma da kayanta. Bulo mai inci 9 yakan ɗaga shi daidai ƙirji ya sake, in ya ruguje ba zai hau gininsa ba, kuma ba ya yarda a buga masa fiye da 30 a buhu ɗaya. A Kofar Ruwa ƙirga rodi yake yi: mai lamba 12, tsawon mita 12, tan ɗaya bai kamata ya wuce guda 94 ba, in aka ba ka fiye da haka ba kyauta aka yi maka ba, siririn rodi aka sayar maka. A farkon 2024, da buhun siminti ya haura naira 10,000 alhali ya karɓi aiki a tsohon farashi, an ba shi shawarar ya rage siminti a kwaɓi. Fili ya sayar ya cike giɓin. A gida an ji jiki a wannan shekarar, iyayenmu mata ba su taɓa yi masa gori ba, mu ma yau muke gane abin da ya saya mana da wannan filin.

Haka lokacin ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023. Lebura ba shi da asusun banki, abin da ya samu yau shi zai ci yau. Baba ya riƙa biyan masu POS la'ada mai tsada don ya samu tsabar kuɗi, yana maimaita hadisin nan na a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe.

Godiya ta musamman ga mai gadin wurin. Dekin sabo yana son ruwa aƙalla kwana bakwai, in ba haka ba rana ta shanye ruwan jikinsa kafin ya yi ƙarfi, ya tsattsage. Muna zaman makoki ba wanda ya tuna da wannan a cikinmu. Shi ne ya kewaye gefen da yashi, ya riƙa tara ruwa a kai safe da yamma, mai tanka kuma ya kawo sau biyu ya ƙi karɓar kuɗin mai. Mai katako na Na'ibawa da muka yi hayar gora a wurinsa ya aiko cewa a bar su har lokacin da Alhaji ya saba barinsu, ba ƙarin ko kwabo. Mutane da yawa suna cirewa a kwana 21, Baba sai ya cika 28. Muna roƙon mai gidan ya ƙara haƙuri, kada kowa ya zare gora ko ɗaya kafin Kawu ya ce a zare, kuma kada a jibge bulo a sama wuri ɗaya.

Ga danginmu da hidima ta hana zuwa, mun ga saƙonninku na waya, Allah Ya ba da lada. Wasu a cikin ɗakunan da kuke kwana Baba ne ya ja igiyar harsashinsu bai karɓi komai ba, kuma tsakaninmu bai kai tafiyar awa biyu ba. Wanda ya bugo yana tambayar inda aka ajiye injin kwaɓi, yana wurin aiki, kuma yana cikin kayan gado da ba a raba ba tukuna.

Allah Ka jiƙan Baba, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sa kowane ɗakin da wani ya samu inuwa a cikinsa ya zama masa inuwa ranar da babu wata sai taKa. Ka ba iyayenmu haƙurin takaba, Ka raya ƙannenmu a kan abin da ya bar mu a kai.

Saura maganar bashi, domin ran mumini yana rataye da bashinsa har sai an biya. Littafinsa na lissafi yana hannun yayanmu, kowane wurin aiki da shafinsa, kowane lebura da kwanakinsa. Duk mai bin sa, ko na siminti ne ko na dako ko yinin aiki ɗaya, ya zo gida bayan la'asar, ko babu takarda za a saurare shi. Akwai layi ɗaya da muka kasa warwarewa: ya rubuta “yaron Damagaram, kwana 3”, bai ja layi a kai ba kamar yadda yake yi in ya biya. Kawu ya ce ɗan ci-rani ne da ya yi musu dakon tsakuwa, ya tafi gida ba zato da aka aiko masa mahaifiyarsa ba lafiya. Duk wanda ya san shi a cikin 'yan ci-rani, don Allah ya gaya masa kuɗinsa suna nan a ajiye.