Gefen da makirufo ba ya ji

Wata Asabar aka ba ni aikin sauti a saukar karatu na wata Islamiyya da ke Rikkos, a nan Jos. Zauren rufin kwano ne, bango siminti, daɓe siminti. Na je da sabon makirufo da na daɗe ina tara kuɗinsa, Shure Beta 58A, don ya karɓi tsohon SM58 ɗina da ya sha yawon gidajen biki. Na jera kaya yadda na saba: manyan sifiku biyu suna fuskantar jama'a, ƙaramar sifika kuma a ƙasa gaban mai karatu don ya riƙa jin kansa, daidai bayan makirufon. Yarinyar farko tana yin basmala na ɗan ƙara mata murya, sai sifika ta ƙwala wani kuka mai huda kunne. Yarinya ta rikice ta yi shiru, ga iyayenta zaune a sahun gaba. Har yau in na tuna fuskarta raina yana ɓaci, don shekaru ta yi tana jiran ranar.

Wani dattijo da ya yi aikin gidan rediyo kafin ya yi ritaya ya taso daga cikin baƙi. Ya ce, "Ɗana, janye ƙaramar sifikar nan gefe, kada ta tsaya a ƙeyar makirufon." Na ce, "Baba, ai a nan nake ajiye ta kullum." Ya ce, "Da wancan ne kake yi. Wannan yana ji ta ƙeya." Na matsar da ita wajen taku guda zuwa hagu, na karkato ta tana kallon yarinyar. Kuka ya ɗauke. Yarinya ta sake daga farko, ta kai ƙarshe lafiya.

Bayan an tashi ya zana mini abin a bayan takardar gayyata. SM58, wanda yake kasuwa tun 1966, irin wanda ake kira kadiyod ne, wato zanen jinsa kamar zuciya yake. Yana ji sosai ta gaba, kaɗan ta gefe, kuma kurma ne ta baya, a digiri 180. Shi kuwa Beta 58A sufakadiyod ne. Gabansa ya fi matsewa, amma yana da ɗan ƙaramin kunne a ƙeya, kurmancinsa kuma yana wajen digiri 125 ta hagu da ta dama. Ni kuwa na ɗauki sifika na dasa ta a wannan ƙaramin kunnen, sautinta ya koma makirufo, makirufo ya mayar mata, abu ya yi ta zagaye har ya zama kuka. Kafin ranar, gaban makirufo kawai nake kallo. Ban taɓa tambayar kaina ina ne ba ya ji ba, alhali kuɗin da na kashe, na wannan kurmancin ne.

Yadda abin ke aiki ya burge ni. Akwai ƙananan ƙofofi a bayan kan makirufon, ƙarƙashin ragar ƙarfen nan. Sautin da ya taso daga baya yana isa fatar ciki, wato siririyar fatar da ke karɓar sauti, ta hanya biyu, ta gaba da ta waɗannan ƙofofi, a kusan lokaci ɗaya, sai su kashe juna. Shi ya sa nake rigima da mawaƙa da masu gabatar da biki da ke dunƙule hannu a kan ragar. Suna toshe ƙofofin, makirufo ya koma jin ko'ina, sai kuka ya tashi, kowa ya juyo yana hararar mai sauti. Yanzu kafin a fara nakan je da kaina in ce, "Oga, don Allah riƙe daga ƙasa, bar kan a buɗe." Wasu suna ji, wasu sai an maimaita.

Akwai kuma kaurin murya da irin waɗannan makirufo ke ƙarawa idan baki ya matso kusa. Malamai masu wa'azi da yawa suna son hakan, muryar takan cika wuri. Amma a zauren siminti kaurin yana zama gunji, kalmomi su cuɗe. Nakan yanke sauti mai kauri sosai, wato abin da ke ƙasa da 100 Hz, a mikisa, na'urar da ake daidaita sauti da ita, magana ta fito fes.

Darasi na biyu a fagen fim na same shi. Jos gari ne na masu fim, ga Hukumar Finafinai ta Najeriya a nan take, don haka mai kayan sauti ba ya rasa kira. Cikin Disamba muka fita ɗauka kusa da madatsar ruwa ta Lamingo, aka ba ni hayar Sennheiser MKH 416, dogon makirufon nan da ake ɗaurawa a sanda, wanda sai an ba shi wutar bolt 48 ta cikin kebul kafin ya yi aiki. A raina na ɗauka yana janyo murya daga nesa yadda kyamara ke janyo hoto. Ba ya yi. Tsagogin da ke jikin bututunsa suna rage sautin gefe ne kawai, musamman sirara, ba sa kusanto da komai. Duk lokacin da nisa ya ninka, ƙarfin murya yana faɗuwa da desibel 6 a ma'aunin ƙarfin sauti, ko nawa ka sayi makirufon. Na tsaya nesa na nuna shi kai tsaye ga jarumin, can bayan jarumin kuwa janareta ke aiki. Da muka saurara, janareta muka ɗauka da kyau. Sai da na ɗaga sandar sama da kansa, wajen kamu biyu zuwa uku, bakin makirufo yana kallon ƙasa, aka kuma kai janareta bayan wani dutse, sannan maganar ta samu.

Hunturun Jos kuma ba ya raga wa kowa. Makirufo mai zaɓen gefe ya fi wanda ke jin ko'ina tsoron iska, soso kaɗai ba ya tare ta a fili. Ranar ba mu da rigar gashin nan da ake sa masa, dole muka jira iska ta lafa tsakanin ɗauka da ɗauka, yatsuna sun ƙage a jikin sanda. Da kuɗin aikin na sayi tawa.

Washegari muka koma wani falo mai tayil a Rayfield, na sake ɗaga dogon makirufon da ƙwarin gwiwa. Muryar ta fito kamar daga cikin randa, don amon da ke dawowa daga bango da tayil yana shiga tsagogin ta kowane ɓangare ya gurɓata ta. Na roƙi darakta ya ba ni minti ashirin. Muka shimfiɗa darduma biyu inda kyamara ba ta gani, muka saki labule, na sauya zuwa wani gajeren makirufo haifakadiyod, ɗan'uwan sufakadiyod mai matsattsen gaba, da ke jakar abokin aikina. Na sa abin ji a kunne na ce jarumar ta maimaita layinta, na ji har numfashinta. Muka gama fitowar kafin a kira magariba.