Yadda Na Kwashe Tarihin Aikinmu Daga Subversion Zuwa Git

Shekara da shekaru manhajar da muke rubuta wa masu shagunan magani tana ajiye a Subversion, wato tsarin da ke adana fayilolin manhaja tare da tarihin duk canjin da aka yi musu, a kan wata tsohuwar kwamfuta da ke ƙarƙashin teburi a ofishinmu na Sakkwato. Duk lokacin da zafin bazara ya kankama, sai fankarta ta riƙa kuka, mu kuma gabanmu ya riƙa faɗuwa, domin Subversion rumbu ɗaya yake da shi na ajiye wannan tarihin, idan ya ƙone tarihi ya tafi. Shi kuwa Git, wani tsarin mai irin wannan aiki wanda Linus Torvalds ya ƙirƙiro a 2005, yana bai wa kowane ma'aikaci cikakken tarihin a kwamfutarsa. Wannan ne ya sa muka yanke shawarar ƙaura, aka ɗora mini aikin.

Wani ƙaramin abokin aikinmu ya ba da shawarar mu kwafi fayilolin yau kawai mu fara sabon rumbu. Ban yarda ba, saboda sau da yawa idan na ga layin da ban gane dalilinsa ba, tarihin nan ne yake nuna mini wanda ya rubuta shi, da ranar, da matsalar da ta sa.

Na yi amfani da umarnin git svn clone, wanda yake bin canje-canje ɗaya bayan ɗaya tun daga na farko, don haka yana cin lokaci. An ɗauke wuta ana tsakiyar aikin, amma da na kunna janareto sai git svn fetch ya ci gaba daga inda ya tsaya. Abin da ya fi ba ni wahala shi ne sunaye. Subversion gajeren sunan shiga kawai yake riƙewa, Git kuwa yana buƙatar suna da adireshin imel, kuma idan ka ba shi jerin sunaye ya ci karo da wanda babu a ciki, tsayawa yake yi cak. Akwai sunaye uku da ban sani ba. Na kai wa babbanmu takardar na ce, "Malam, su wane ne waɗannan?" Ya gyara tabarau ya duba, ya gaya mini kowannensu da ɓangaren da ya gina kafin ya bar aiki. Na rubuta su da cikakkun sunayensu, domin haƙƙinsu ne.

Babban kuskurena ya zo ne daga son tsabta. A ƙarshen bayanin kowane canji, git svn yana maƙala wani layi mai farawa da git-svn-id, wanda yake ɗauke da tsohuwar lambar canjin. Na ga ya cika wuri, sai na sa --no-metadata na kawar da shi. Bayan kwana biyu wani mai shago ya kira kan matsalar lissafin ranar lalacewar magani, muka buɗe littafin ƙorafe-ƙorafenmu muka ga an rubuta lambar canjin da aka taɓa gyara ta a Subversion. A Git kuwa babu lambobi a jere, sai dogon tambari mai haruffa da lambobi 40, kuma na riga na yanke igiyar da ta haɗa su. Dole na sake kwashewa daga farko. Tun da bayanin canji yana cikin abin da ake lissafa tambarin da shi, duk tamburan sun sauya, sai da na ɗauko aikin kwana biyu na mutum biyu na ɗora shi da hannu a kan sabon rumbun. Na ba su haƙuri, kuma har yau abin yana damuna.

Sauran sun zo da sauƙi. Alamun fitowar manhaja, da suke zaune a foldar tags, sun iso kamar rassa, wato layukan aiki na gefe da ake ci gaba da canzawa, na mayar da su alamun Git na gaskiya. Foldojin da babu komai a cikinsu sun ɓace, saboda Git ba ya ajiye su, har manhajar ta ƙi buga rasit sai da na gano hakan.

Kafin in ce kowa ya taɓa sabon rumbun a karo na biyu, na fitar da fayiloli daga ɓangarorin biyu na gwada su, na kuma zaɓi tsofaffin lambobi daga littafin ƙorafi na nemo kowacce. Tsohon rumbun mun hana rubutu a cikinsa, na kwafe shi da svnadmin dump a faifan waje, Malam ya kulle shi a durowarsa.