Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Mutanen Barewa da Wasalinsu Mai Sara

Masu karatu, makon jiya mun tsaya a San Felipe del Progreso ta ƙasar Meksiko. Shekarun da suka biyo baya ku bar su tukuna, yau maganar harshen Mazahua, ƴan asalin yankin, ce ta hana ni sakat. Baba, Allah Ya jiƙansa, yakan ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, kuma ban san inda maganar nan ta zauna daram kamar can ba.

Sunan Mazahua ma ba nasu ba ne. Daga harshen Nahuwatal ya fito, ma'anarsa masu barewa. Su Jñatjo suke kiran harshensu, ɗan'uwan harshen Otomi ne na jini. Ƙidayar 2020 ta samu masu jinsa sun ɗan haura 150,000, yawanci a jihar Meksiko, sauran wajen Zitácuaro a Michoacán.

Bahaushe yana da sa'a wajen koyonsa, don suna da sautukan da ake haɗiyewa irin ɓ da ɗ, da masu tunkuɗo iska irin ƙ da ts, ga karin sauti wanda, kamar namu, ba kasafai ake nuna shi a rubutu ba. Wasula ne ke kayar da mutum. Sifaniyanci biyar gare shi, su kuwa sun fi goma, har da na hanci. Sai aka ɗauki a, e, o, u aka sare kowane da layi a karkace. Don furta u mai sara, ka ajiye harshe kusa da inda ake cewa u, amma ka shimfiɗa leɓɓa kamar za ka ce i. Da ka tattara leɓe, ka koma u na Sifaniyanci, kalma ta lalace. A waya kuwa saran zubewa yake yi, ko akwati ya fito a gurbin harafin, kamar yadda ƙafa ke komawa kafa a saƙonninmu. Sai 2018 aka shigar da u mai sara cikin tsarin haruffan kwamfuta na Unicode, alhali limamin coci Diego de Nájera Yanguas ya buga littafin koyar da addini da harshen tun 1637!

"Mu" ma ba guda ba ce. Akwai ta ni da kai, akwai ta mu biyu ban da kai, haka a jam'i. Ka ɓata ɗafin, wato guntun da ake liƙa wa kalma don nuna wannan bambancin, ka fitar da baƙonka daga gayyar ba ka sani ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne kunya. Matansu da ke talla a titunan birnin Meksiko, mutanen gari suka laƙaba musu "María" don raini, kowace mace suna ɗaya. Uwar da aka yi wa dariya kan lafazinta ta dawo ƙauye ta daina yi wa ɗanta Jñatjo. Kaka na magana, jika na amsawa da Sifaniyanci. Nan ne maganar Baba take dawo mini, sai dai waɗannan talauci ne ya fitar da su, ba son rai ba.

An yi dokar haƙƙin harsuna a 2003, an buɗe jami'ar al'adu a San Felipe a 2004, kuma na yaba. Amma ɗalibin da ya fara sanin "kjimi", gaisuwarsu, a kan allo yana ɗan shekara 18, wasalin nan na hanci wahala yake ba shi. A 2004 ɗin ne kuma matan Mazahua suka yi tsaye a matatar ruwa ta Los Berros, kan ruwan Cutzamala da ake ja zuwa birnin Meksiko su kuma garuruwansu babu famfo. Wannan sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.