Littattafan da sunka juya mini tunani, nan gida anka rubuta su

Kwanakin nan duk inda ka leƙa a Facebook sai ka iske matasa suna jera littattafan da sunka canza musu rayuwa, kuma kusan duka na Turawan Amurka ne, yadda ake tara kuɗi, yadda ake tashi da wuri, yadda ake tsara lokaci. Ban ce babu abin ɗauka cikinsu ba, akwai. Abin da ke ci mini rai shi ne mu 'yan Sakkwato muna zaune bisa dukiyar da masana ke tasowa tun daga Ingila su zo su yi digirin digirgir a kanta, amma da yawanmu in anka ce mu kawo sunan littafi ukku na Shehu Usmanu sai mu tsaya kame-kame.

Ni dai wanda ya fi girgiza ni Nurul Albab ne. Ɗan ƙaramin littafi ne wallahi, ba shi da kauri ko kaɗan. A zauren malaminmu munka karance shi bayan Magariba, ɗalibi ya ja baƙi malam ya fassara kalma-kalma, mu muna na'am, na'am. Da anka kawo wurin da Shehu ke faɗa da malaman da ke zama cikin almajirai safe da yamma suna karantarwa, amma sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin duhun jahilci, ya ce sun maishe su kamar kayan aikin gida da ake mora har su fashe a yar da su juji, sai malam ya cire tabarau ya aje bisa buzu ya dube mu ya ce, to jama'a, da mu Shehu yake fa. Wani dattijo da ke kusa da ƙofa ya ce, Allah gafarta malam, har da maganar girki da wanki? Malam ya ce har da ita Alhaji, Shehu ya ce ba wajibi ne kansu ba, kuma ya gargaɗi mata kada su saurari mai ce musu tsirarsu na ga bin miji alhali bai koya musu bin Allah da Manzonsa ba.

Mutumin da anka haifa 1754 ya rasu 1817 ke faɗin wagga magana! Mu kuma yau ana gardama kan ko yarinya ta gama sakandare kafin a yi mata aure, har wasu su ce karatun mata aƙidar Turawa ce. Tun daga wannan karatun in na ji ana wannan musun ba na neman hujja daga waje.

Kuma ba a takarda abin ya tsaya ba, shi ne ma abin da ya fi burge ni. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kafa ƙungiyar karantar da mata ta 'Yan Taru, ta naɗa jajoji, wato malamai mata masu jagorancinta, tana ba su malfa su shiga ƙauyuka suna koya wa mata addini ta hanyar waƙa, don matar da ba ta san baƙi ba in ta hardace baiti tana daka tana rerawa, ilimin ya riga ya shiga gida ke nan. Uba ya rubuta, 'ya ta aikata.

Na biyu Kitabul Farƙi. Wanga shi ya ɓata mini yadda nike kallon mulki, ɓatawa ta alheri. Shehu ya zayyana halayen sarakunan zamaninsa, jangali da kuɗin gari da ake ɗora wa talaka ba bisa shari'a ba, da gaisuwa, wato ba ka ganin mai mulki sai ka riƙo wani abu a hannu. Duk wanda ya taɓa bin fayil ofis-ofis ana ce mishi ya dawo gobe har sai ya gane abin da ake nufi, zai san ba tarihi kaɗai yake karantawa ba. Mun taso ana ce mana haka duniya take, a yi haƙuri, sai ga wanda muke zuwa Hubbare ziyararsa ya kira abin da sunansa, zalunci, fiye da shekara 200 da sunka wuce.

Wani abu da na lura, yadda anka karanta littafi yana da hannu cikin yadda yake kama zuciya. Mu yanzu waya cike da PDF, a sauke hamsin ba a gama ko ɗaya ba. Karatun zaure kuwa layi biyar ya isa dare guda, ka koma gida kana juya shi, ka kwana da shi, gobe ka dawo da tambaya. Tun daga Ahalari da Ishmawi har Risala haka iyayenmu sunka yi, shi ya sa abin ke fitowa a halinsu ba a bakinsu kaɗai ba. Wanda Larabci ya yi wa nisa ma akwai fassarori na Hausa, amma a samu wanda ya sani a zauna gabansa, don akwai wuraren da in ba a warware maka ba za ka ɗauke su a karkace.

Mu dai na gaba da za mu ɗauka shi ne Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello, wanda ya rubuta a 1812 kan tarihin jihadi da ƙasashen Tukururu, wato yankinmu na Afirka ta Yamma. Malam ya ce sai bayan Sallah in Allah ya kai mu, kuma wannan karon ya ce a shimfiɗa tabarma ta cikin gida don mata su ji.