Makonni uku da igiyar Rana ta ci min

Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Malamina ne ya ba ni fashewar da ta auku a Rana ranar 7 ga Yuni 2011, mai matsakaicin ƙarfi (ajin M2.5), ya ce in auna saurin igiyar da ta taso daga wurin ta bazu cikin korona, wato iskar mai tsananin zafi da ke kewaye da Rana. Na sauko da hotunan AIA, kyamarar da ke kan tauraron ɗan'adam SDO mai kallon Rana, a zangon haske na angstrom 193, hoto ɗaya duk daƙiƙa 12, na riƙa debe kowane hoto daga wanda ya biyo shi. Sai ga ta fili: wani baka mai haske yana kutsawa, duhu na biye da shi. Na fi sau ashirin ina maimaita bidiyon.

Awon ne ya kai ni ƙasa. Na ja layi miƙaƙƙe a kan hoton, ina ƙirga fiksel, wato ɗige-ɗigen hoton, ina ninka kowane ɗaya da kusan kilomita 435. Ɓangaren da ya nufi gefen Rana sai na ga yana ta rage gudu kamar an taka birki. Murna ta kama ni, har na fara rubuta bayanin yadda filin maganaɗisu ya tare ta. Makonni uku ina kan wannan.

Da na kai wa malam, ya duba jadawalin, bai ɓata lokaci ba ya ce, "Ɗalibi, Rana faranti ce ko ƙwallo?"

Wallahi kunya ta rufe ni. Fashewar ta faru ne can yamma, sama da digiri 50 daga tsakiya, inda nisan da ya nufi gefe ke tsukewa a ido ya koma wajen kashi 60 cikin 100, kuma yana ƙara tsukewa kana matsawa gefe. Yawancin birkin nan nawa ne, ba na igiyar ba. Tun 1968 masanin kimiyya Uchida ya bayyana igiyar Moreton, wadda ake gani tana gudu a saman Rana bayan fashewa, a matsayin gindin wata kumburarriyar igiya da ke share saman ƙwallon Rana, na karanta, amma hannuna ya ci gaba da awo a shimfiɗe.

Don Allah, in za ka yi wannan aiki, ka mayar da hotunanka kan layukan Rana na tsaye da na kwance, irin na taswirar duniya, tun farko, ka auna nisa a kan da'irar da ta bi gantsarewar ƙwallon. Da na sake awon haka, abin ya ɗauke ni kwana biyu kacal. Waɗancan makonni ukun ne har yanzu suke min ciwo.