Kujerar kankare ta Jonas Bohlin

Babana kafinta ne, cikin ƙurar katako na tashi, shi ya sa duk inda na ga kujera sai na duƙa na leƙa ƙarƙashinta in ga yadda aka haɗa ta. Ranar da na tsaya gaban kujerar Jonas Bohlin, mai zana kayan ɗaki ɗan ƙasar Suwidin, a wani gidan gwanjo a Stockholm kuwa, babu abin leƙawa. Falle biyu ne na kankare, ɗaya na zama, ɗaya na jingina, sai bututun ƙarfe da ya riƙe su. Na ɗora tafin hannuna a kai, sanyi ƙalau kamar dutse da asuba.

Sunanta Concrete. Bohlin haifaffen 1953 ne, kuma aikin injiniyan gini ya fara karantawa kafin ya shiga Konstfack, makarantar zane da ke Stockholm, inda ya kammala da wannan kujera a 1981. Ka ga siminti ba baƙonsa ba ne. Sai dai mutanen Suwidin sun saba da farin katako mai santsi irin na masu zana kayan ɗaki Carl Malmsten da Bruno Mathsson, kujerar da ake auna kyanta da yadda take hutar da gadon baya. Da yawa suka ce sam wannan ba kujera ba ce.

Wanda ya fi burge ni a labarin shi ne Sven Lundh, wanda a lokacin shi ne mai kamfanin kayan ɗaki na Källemo a garin Värnamo, mahaifar shi Mathsson ɗin. Bai ce yaron ya sa katifa ko ya rage nauyi ba. Ya karɓe ta yadda take, aka ƙera guda 100 kacal, kowace da lambarta, kamar yadda ake yi wa zanen hannu. Da farko abin ya tsaya mini a rai, don a shagonmu in kujera ta yi kasuwa, sai a yi ta bugawa har masu saye su gaji. Amma da dubbai aka yi, da tuni an mai da ta abin zaman tsakar gida, ba wanda zai tsaya ya dube ta.

Daga baya Bohlin ya tsara cikin gidan abinci na Sturehof, ya kuma yi fitilar Liv mai rigar yadi shara-shara. Da wuya ka ce hannu ɗaya ne.

Na tura wa Baba hoton kujerar. Bai tambayi kuɗinta ba. Cewa ya yi in koma in duba masa yadda aka ɗaure kankaren a jikin ƙarfen bai tsage ba.